Yadda za ka bi sawun dofamin da 'yan uwansa har ka gane abin da suke yi wa mahaɗar jijiya

Wannan na 'yan fisiyoloji ne da famakoloji da masu karatun likita, da ma duk wanda ya taɓa buɗe babin LTP, wato ƙarfafar mahaɗar jijiya mai daɗewa, ya tarar kibiyoyi sun cika shafi har kansa ya ɗau zafi. Yawanci hadda ake yi, dofamin yana kawo LTP, asetilkolin na tunawa ne, noradirenalin na tsoro da fargaba, shikenan a rufe littafi a shige ɗakin jarabawa. Toh haddar nan tana kai mutum ne zuwa ranar da malami ya juya tambayar, don dofamin ɗin da ka rantse yana ƙarfafa mahaɗa shi ɗin ne dai yake raunana ta a ƙwayar da ke maƙwabtaka da waccan, a ƙwaƙwalwar ɓera ɗaya kuma a lokaci ɗaya. Sunan sinadari shi kaɗai ba ya gaya maka komai. Abin da zai gaya maka shi ne wace risefta ce, wato furotin ɗin da ke karɓar sinadari a jikin ƙwaya, ta kama shi, a jikin wace ƙwaya take, kuma yaushe sinadarin ya iso. In ka iya bin waɗannan da biro, haddar da za ta rage maka kaɗan ce.

Ka samo farar takarda da biro kala biyu, shuɗi da ja.

Fara da mahaɗar ita kaɗai, kar ka sa dofamin tukuna

Da shuɗin biro ka zana bakin jijiyar da ke aika saƙo a hagu, ka cika shi da 'yan jakunkuna masu ɗauke da gulutamet, sinadarin da ke kai saƙon kunnawa. A dama ka zana ɗan tsiron da ke karɓar saƙon, mai kai da siririn wuya, ka bar ɗan fili tsakaninsu. A kan tsiron ka sa ƙofofi iri biyu, AMPA da NMDA, sai ka ɗiga ɗigo babba a bakin NMDA ka rubuta magnesiyam. AMPA ita ke aikin yau da kullum, gulutamet ya zo ta buɗe sodiyam ya shiga. NMDA kuwa ko gulutamet ya kama ta ba za ta wuce da komai ba sai cajin fatar ƙwayar ya tashi ya ture magnesiyam ɗin, sannan kalsiyam ya samu hanya. Kenan sai ɓangarorin biyu sun yi aiki tare take buɗewa.

Daga kalsiyam ka ja kibiya biyu. In ya shigo da yawa kuma farat ɗaya, CaMKII, furotin mai liƙa fosfet, zai tashi, a ƙaro AMPA a kan tsiron, kansa ma ya ƙara girma, wannan shi ne LTP. In kuma kaɗan kaɗan yake ɗigowa na dogon lokaci, masu cire fosfet ne za su yi rinjaye, kalsinurin da PP1, a janye AMPA ciki, wannan LTD kenan, raunanar mahaɗa mai daɗewa. A ɗakin gwaji ana samun na farkon da bugun lantarki sau 100 a sakan na tsawon sakan ɗaya, na biyun kuma da bugu ɗaya a sakan har sau 900, minti 15 kenan, wanda Dudek da Bear suka nuna a 1992. Ka riƙe lambobin nan biyu don za mu dawo kansu. Shi LTP ɗin Terje Lømo ne ya fara ganinsa a zomaye a Oslo a 1966, ya kuma wallafa cikakken bayani tare da Tim Bliss a 1973, shigar NMDA cikin maganar ta zo a 1983 ta hannun Collingridge, toshewar magnesiyam kuma a 1984. In ba ka iya zana wannan da ka ba, dan Allah kar ka wuce gaba, maimaita.

Yanzu ka tambayi kanka me ya sa wannan bai isa ba. Donald Hebb ya kawo ra'ayin tun 1949, cewa ƙwayar da ke yawan sa hannu wajen kunna wata, alaƙarsu za ta yi ƙarfi. Amma ai ƙwaƙwalwa ba ta hutawa, ƙwayoyi na ta haɗuwa da juna dare da rana bisa katari, da a ce duk haɗuwa sai ta bar tabo da tuni kai ya cika da tarkace. Dole akwai na ukun da ke cewa wannan haɗuwar a ajiye, waccan a bar ta ta wuce. Bear da Singer sun nuna haka a 1986 da 'ya'yan kyanwa, in aka rufe musu ido ɗaya ɓawon ƙwaƙwalwa mai kula da gani yakan karkata ga buɗaɗɗen idon, amma da aka katse asetilkolin da noradirenalin duka biyu karkatar ta ƙi faruwa yadda ya kamata, alhali ido na gani gulutamet kuma na fita. Katse ɗaya kawai bai wadatar ba.

Ɗauko jan biro

Duk abin da za ka zana daga nan da ja ne. A gefen takarda rubuta inda kowa ke fitowa, wannan ba sai an daɗe ba: dofamin daga VTA da sabstanshiya naigira a tsakiyar ƙwaƙwalwa, noradirenalin daga lokus seruliyus, asetilkolin daga gindin ƙwaƙwalwar gaba wato su nukiliyas basalis da septum, serotonin daga rafe. Ƙananan tarin ƙwayoyi ne amma rassansu sun bazu ko'ina, kuma sau da yawa ba a cikin mahaɗa ɗaya suke zuba kayansu ba, fesawa suke yi a yanki guda, shi ya sa jan zanenka ya zauna a gefen tsiron da wuyansa, kar ka cusa shi tsakiyar filin gulutamet. Adenosin shi ba shi da gida ɗaya, daga ragowar ATP yake fitowa kuma yana taruwa in mutum ya daɗe bai yi barci ba.

Riseftocinsu kusan duk ba ƙofofi ba ne, masu aiki ne da furotin G mai isar da saƙo cikin ƙwaya, shi ya sa aikinsu ke ɗaukar sakanni har mintoci maimakon milisakan. Biyu ne suka fita zakka, nikotinik ta asetilkolin da 5-HT3 ta serotonin, su ƙofofi ne kai tsaye. Sauran ka raba su gida uku, kuma wannan rabon shi ne kaɗai haddar da na yarda ka yi. Gidan Gs akwai D1 da D5 na dofamin, beta ta noradirenalin, A2A ta adenosin, 5-HT4 ta serotonin. Gidan Gi akwai D2 da D3 da D4, alfa 2 ta noradirenalin, M2 da M4 na asetilkolin, 5-HT1, A1, CB1 ta kanabinoyid, da mu ta ofiyoyid. Gidan Gq akwai M1 da M3 da M5, alfa 1, 5-HT2, da mGluR1 da mGluR5 na gulutamet. Na maskarinik, wato M1 zuwa M5, suna da sauƙi, mara sun tafi Gq, cika sun tafi Gi. Ka lura kusan kowane sinadari yana da ƙafa a gida biyu ko uku, noradirenalin ma duka ukun yake, toh ta ina za a ce yana yin abu ɗaya.

Gs, a nan za ka fi daɗewa

Ja kibiya daga risefta zuwa adenilil saikiles, daga nan zuwa cAMP, ɗan saƙon da yake ƙerawa a cikin ƙwaya, daga cAMP zuwa PKA, shi ma mai liƙa fosfet ne. Mutane da yawa a nan suke ajiye biro, alhali nan ne aikin ya fara, don tambayar ita ce PKA ya tashi sai ya taɓa wa. Ka fitar da kibiyoyi huɗu daga jikinsa.

Ta farko ta tafi kan AMPA, a ɓangarenta mai suna GluA1, wurin serin na 845. In PKA ya liƙa fosfet a nan, AMPA takan fito fatar ƙwaya ta tsaya a gefen mahaɗa tana jira, ba ta shiga ba tukuna amma kalsiyam kaɗan ya isa ya jawo ta. Ta biyu ta tafi wurin masu cire fosfet. A sitirayatum, yankin ƙwaƙwalwa mai hannu a motsi da lada, PKA na liƙa fosfet a DARPP-32 a wurin tiriyonin na 34, shi kuma ya je ya danne PP1, a hifokamfas, yankin da ke da hannu a tunawa, wani ɗan uwansa mai suna inhibita 1 ke wannan aikin. Duba shuɗin zanenka, PP1 ai shi ne mai jan ragamar LTD, kenan an ɗaure mai gogewa, duk abin da CaMKII ya rubuta zai zauna. Paul Greengard ne ya bi wannan hanyar shekara da shekaru, ya kuma samu kyautar Nobel a 2000 tare da Arvid Carlsson da Eric Kandel. Ta uku ta tafi ƙofofin fotasiyam na rassan ƙwaya irin su Kv4.2, in an rage musu ƙarfi bugun da ƙwaya ta yi yakan koma baya cikin rassa da ƙarfinsa ya taimaka wajen ture magnesiyam. Ta huɗu doguwa ce, har cikin cibiyar ƙwaya wurin CREB, wanda ke sa a ƙera sabbin furotin, kuma su ne ke raba LTP na awa ɗaya zuwa biyu da wanda ke kwana. Kandel ya fara warware wannan ne a wata dodon koɗin teku mai suna Aplysia, inda serotonin sau ɗaya ke ba da ƙarfi na mintoci, sau biyar a rarrabe kuma ya ba da na fiye da kwana ɗaya.

In ka kalli kibiyoyin nan huɗu za ka ga babu wadda ta ƙirƙiri LTP da kanta, duk sauƙaƙa shi suke yi, suna sauko da mizanin da ake buƙata. Ga hujjar da nake so ka riƙe: ɗakin gwajin O'Dell a 1996 sun ba wa yankin CA1 na hifokamfas bugu sau 5 a sakan na minti uku, wanda ke tsakanin lambobi biyun da na ce ka riƙe, shi kaɗai ba ya barin wani canji mai ɗorewa. Da suka zuba aisofuroterenol, mai kunna beta, bugun nan dai ya haifar da LTP. Daga baya a 2007 ɗakin Malinow suka nuna noradirenalin na sa fosfet a GluA1, kuma a ɓerayen da aka canza wa wuraren fosfet ɗin, taimakon da yake yi wa koyo ya ɓace. In malami ya tambaye ka me ya sa ba a manta ranar tashin hankali, waɗannan biyun ne ƙashin amsarka.

Gq mai fuska biyu ce

Risefta zuwa PLC, PLC ya yanka PIP2 ya zama IP3 da DAG. Nan ma kar ka tsaya. IP3 na sako kalsiyam daga rumbun cikin ƙwaya. DAG na tada PKC, kuma daga DAG ɗin ake ƙera 2-AG, wanda ke tsallaka mahaɗa da baya ya je ya kama CB1 a bakin jijiyar hagu ya ce a rage gulutamet, wato LTD amma daga ɓangaren mai aikawa. Sai abin da aka fi mantawa, shi PIP2 ɗin da aka cinye akwai ƙofofin fotasiyam na Kv7 da ba sa buɗewa sai da shi, in ya ragu sun rufe, ƙwaya ta zama mai saurin kamawa. Wannan ne zirin M, wato kwararar fotasiyam ta waɗannan ƙofofin, da Brown da Adams suka gano a 1980.

Toh ka ga matsalar, gida ɗaya yana da hanyar LTD yana da hanyar da ke taimakon LTP. A ɓawon gani ɗakin Kirkwood sun nuna a 2007 cewa Gs na tura mahaɗa wajen LTP, Gq kuma irin M1 da alfa 1 na tura ta wajen LTD, kuma doka ce mai kyau ga ɓawon ƙwaƙwalwa. Amma ka ɗauke ta ka kai CA1 gaba gaɗi za ka sha ƙasa, don a can M1 na danne ƙofofin fotasiyam na SK, NMDA ta daɗe a buɗe, LTP ya zo da sauƙi. Ni a ganina duk amsar da ta ce Gq na kawo kaza ba ta faɗi yankin ƙwaƙwalwa ba, rabin maki ma an yi mata alfarma.

Gi ba ta da wahala, tana rage cAMP, ɓangarenta na beta-gama yana buɗe ƙofar fotasiyam ta GIRK ƙwaya ta yi sanyi, a bakin jijiya kuma yana rufe ƙofofin kalsiyam a rage fitar saƙo. Birki ce. Tarkon ɗaya ne, birkin a jikin wa aka taka. In a jikin ƙwayar GABA ne, wadda ita ma aikinta hanawa ne, toh an hana mai hanawa, sakamakon ya zama kunnawa. Haka mofin ke yi a VTA, riseftar mu tana kan ƙwayoyin GABA, ta yi musu shiru, ƙwayoyin dofamin su samu sakewa, Johnson da North suka nuna a 1992. Don haka a kowane zane ka ƙara ƙaramar ƙwayar GABA a gefe ko da ba a tambaye ka ba.

A jikin wace ƙwaya

Juya takarda ka zana ƙwayoyi biyu na sitirayatum gefe da gefe, kamanninsu ɗaya. Ta farko tana da D1, ta hanyar kai tsaye ce. Ta biyu tana da D2 da A2A tare, ta hanyar zagaye ce. Yanzu fesa musu dofamin lokaci guda ka bi kibiyoyinka. A ta farko cAMP ya hau, PKA ya tashi, PP1 ya kwanta, LTP. A ta biyu D2 ta danne cAMP, ta kuma buɗe wa mGluR5 hanyar ƙera sinadarin da ke komawa baya wurin CB1, LTD. Sai ka janye dofamin. A ta biyun babu mai danne cAMP kuma, A2A da ke gidan Gs ta samu fili da adenosin, sai LTP, ta farkon kuma ta karkata ga LTD. Wannan shi ne abin da Shen da Surmeier da abokansu suka wallafa a 2008, kuma daga nan za ka gane me ya sa cutar Parkinson ba rashin dofamin kawai ba ce, mahaɗun hanyoyin biyu ne suke karkacewa kowace ta nufi gefe guda ta kasa dawowa. Daga nan kuma za ka gane dalilin da ya sa aka yi maganin Parkinson mai toshe A2A, istiradefilin.

Yaushe ya iso

Nan ne wurin da ya fi daɗi, kuma nan ne littattafan da suka tsufa ba sa kaiwa. Bi da Poo sun nuna a 1998 cewa in mai aikawa ya riga mai karɓa bugawa da kamar milisakan 20 ko ƙasa ana samun LTP, in aka juya tsarin a samu LTD. Milisakan fa. Amma lada ba ya zuwa a milisakan, ɓera ya taka sanda abinci ya faɗo bayan sakan ɗaya ko biyu, sannan ƙwayoyin dofamin su buga, kuma kamar yadda Wolfram Schultz ya gani a birai suna bugawa ne sosai in ladan ya fi abin da ake tsammani, su yi tsit in an sa rai bai zo ba. Toh ta yaya dofamin da ya zo a makare zai san mahaɗar da ta yi aikin cikin dubbai?

Abin kamar kafin alƙalami ne a kasuwa. Gulutamet da kalsiyam sun ba da kafin alƙalami, an ware kayan an sa musu alama amma ba a ɗauka ba, in cikon kuɗi ya iso kafin wa'adi ciniki ya faɗa, in bai iso ba a mayar da kaya cikin shago. Dofamin ko noradirenalin shi ne cikon, yana fesuwa ko'ina amma mahaɗar da ke da alama ce kaɗai ke amfana.

Wa'adin ne za ka rubuta a zanenka, don ba ɗaya ba ne. Ɗakin Kasai a Tokyo, aikin Yagishita na 2014, sun kunna tsiro ɗaya tak da gulutamet a nukiliyas akumbens sannan suka saki dofamin da haske a lokuta daban daban, kan tsiron ya girma ne kawai in dofamin ya zo tsakanin sakan 0.3 zuwa 2 da fara aikin. Ya riga, babu. Ya wuce, babu. Dalilin yana cikin abin da ka riga ka zana, adenilil saikiles irin wanda kalsiyam ke share wa hanya, ga kuma fosfodayestares da ke cinye cAMP nan take in bai taru da sauri ba. A ɓawon ƙwaƙwalwa ɗakin Kirkwood sun samu alamu biyu daban a 2015, ta LTP da beta 2 ke cikawa da ta LTD da 5-HT2C ke cikawa, duka na 'yan sakanni. A hifokamfas ɗakin Paulsen a Kambirij sun ga abin da ya fi wannan ban mamaki a shekarar, tsarin bugun da ya kamata ya ba da LTD, in aka zuba dofamin jim kaɗan bayan an gama, sai ya koma LTP.

Akwai kuma wa'adi mai tsawo wanda bai kamata ka cakuɗa da waɗancan ba. Frey da Morris a 1997 sun nuna cewa mahaɗar da aka ba bugu mai rauni tana riƙe alama na ƙasa da awa uku, in a cikin lokacin wata mahaɗar a ƙwayar ta sa an ƙera sabbin furotin, mai raunin ma za ta kama rabonta ta ɗore. Dofamin ta D1 da D5 na cikin masu sa a ƙera furotin ɗin a CA1. A 2016 Takeuchi da Morris suka gwada a ɓeraye masu rai, su koyi wurin abinci, bayan minti 30 a saka su wani sabon wuri na minti biyar, washegari sai a ga sun tuna abin da da sun manta. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne lokus seruliyus ne ke ɗauke da saƙon, gidan noradirenalin, amma mai toshe D1 da D5 ne ya hana abin, mai toshe beta bai hana ba. Ka ga ko inda sinadari ke fitowa ma ba a rantsewa a kai.

Yawa ma na da nasa. A ɓawon goshi aikin Amy Arnsten ya nuna D1 kaɗan ba ta isa ba, da yawa kuma ta ɓata aikin riƙe abu a kai, tsakiya ake so. Noradirenalin madaidaici na kama alfa 2A ya gyara aiki, in ya yi yawa lokacin damuwa ya kai ga alfa 1 da beta ɓawon goshi ya rikice, amigdala mai kula da tsoro kuma ta ƙara ƙarfi.

Yadda za ka karanta hoton gwajin

In an ba ka takardar bincike a semina, kar ka fara da rubutun, tafi hoton. Yawanci yankin hifokamfas ne mai kaurin maikiron 400 ko kusa, yana kwance cikin ruwan gishiri da ake hura wa iskar oksijin kashi 95 da kabon dayoksaid kashi 5, waya ɗaya na bugun zaruruwan Schaffer ɗaya na sauraro a CA1. A hoton za ka ga ɗige ɗige a jere, kwance lokaci ne, tsaye kuma gangaren fEPSP, wato ƙarfin amsar mahaɗun, a kaso, an mai da farkon 100. Sa yatsa a kan ɗigon farko ka bi. Minti 20 ɗin farko a miƙe suke ko suna hawa da kansu? In suna hawa tun kafin a yi komai, ka fara shakkar duk abin da ya biyo baya. Sai ƙaramar kibiya, nan aka yi bugun. Sai wani baƙin layi a sama, shi ne lokacin da magani ke cikin ruwan, kuma wallahi wannan layin ya fi komai muhimmanci a shafin. In ya rufe kibiyar, ana maganar haifar da LTP ne. In ya fara bayan kibiyar, ana maganar cika alama ne ko ɗorewa. In ɗigogin sun hau da shigar magani sun kuma sauko da aka wanke shi, wannan ba canjin mahaɗa ba ne, tasirin magani ne na lokacin kawai, kuma ɗalibai da yawa a nan suke faɗawa.

Duba kuma ƙarshen layin kwance. Gwajin da ya tsaya a minti 60 ba shi da bakin magana kan CREB ko sabbin furotin, sai wanda ya kai awa uku ko fiye, kuma ka nemi anisomaisin, mai hana ƙera furotin, a ciki. Sunayen magungunan da za ka yi ta gani ba su da yawa, SCH23390 na toshe D1 da D5, SKF38393 na kunna su, furofuranolol na toshe beta, kabakol na kunna riseftocin asetilkolin, aturofin na toshe maskarinik, foskolin na tada adenilil saikiles kai tsaye ba ta risefta ba. Mai kunnawa yana nuna abu zai iya faruwa ne kawai, mai toshewa ne ke nuna ƙwaƙwalwa da kanta tana amfani da hanyar, don haka takardar da ta zo da mai kunnawa kaɗai, an jiƙa yanki da shi na minti goma, ka karɓe ta da hannu ɗaya, a kai mai rai dofamin na zuwa ne ya wuce cikin sakan. Ka duba shekarun ɓerayen ma, LTD na bugu 900 ya fi sauƙin samu a ƙanana.

Gwada hanyar da abin da ka sani

Ɗauki goro. Kafeyin ɗin cikinsa na toshe A1 da A2A. A1 gidan Gi ce, birki, an toshe birki kenan cAMP ya hau gulutamet ya ƙaru, kuma a yankin CA2 inda A1 ta yi yawa ɗakin Serena Dudek sun ga kafeyin shi kaɗai na ƙarfafa mahaɗa na dogon lokaci a ɓeraye. Amma A2A gidan Gs ce, toshe ta a ƙwayar D2 ta sitirayatum rage cAMP ne, kishiyar na farko. Ƙwayar goro ɗaya, amsa biyu. Kuma kafin wani ya ce toh a ci goro a kwana karatu, ɗakin Ted Abel sun hana ɓeraye barci na awa biyar a 2009 suka tarar PDE4, fosfodayestares mai cinye cAMP, ya ƙaru a hifokamfas, cAMP ya ragu, nau'in LTP da ke dogara da PKA ya lalace, wato kibiya ta huɗu da ka ja ɗazu.

Furofuranolol da ake ba masu hawan jini da bugun zuciya, toshe beta ne kuma yana shiga ƙwaƙwalwa. Bi zanenka za ka yi hasashen zai rage ƙarin ƙarfin da tashin hankali ke ba wa tunawa ba tare da ya taɓa tunawa ta yau da kullum ba, kuma abin da Cahill da McGaugh suka samu a mutane kenan a 1994 da labari mai tayar da hankali da wanda ba ya tayarwa.

Na ƙarshe ka yi shi da kanka, tiramadol. Yana kunna mu, yana kuma hana a kwashe serotonin da noradirenalin bayan an sake su, kenan jan biro zai shiga gida uku a zane ɗaya. Fara da VTA, sa ƙwayar GABA, taka mata birki, ka ga dofamin ya fita ba tare da wani lada na gaske ba kuma ya daɗe fiye da sakan biyun Yagishita, sai ka tambayi kanka waɗanne mahaɗu ne ke ɗauke da alama a lokacin, na wurin da aka sha, da abokan da aka sha tare, da hanyar zuwa wurin mai sayarwa. Don ka duba amsarka, a 2001 Ungless da abokansa sun ga koken, wato hodar iblis, sau ɗaya ya ƙara ƙarfin AMPA a kan ƙwayoyin dofamin na VTA na kwanaki, a 2003 Saal ya ga mofin da nikotin da giya da ma matsananciyar damuwa duk suna yin haka, a 2007 kuma ɗakin Julie Kauer suka nuna mofin sau ɗaya na hana mahaɗun GABA na VTA yin nasu LTP ɗin. Ɓangaren noradirenalin ka kai shi amigdala ta beta, na serotonin kuma sai ka fara tantance ko 5-HT1 ce ko 5-HT2 ko 5-HT4 a ƙwayar da ka zaɓa kafin ka ja kibiya ko ɗaya.